Sabis ɗin tagogin alminiyam a Kano: wanda ya cancanci kuɗinka da wanda ɓarna zai yi maka

Da zarar hazo ya fara janyewa a ƙarshen Fabrairu, kukan masu gidaje a Kano kusan iri ɗaya ne: taga ta ƙi ja, wata tana ƙara in an tura ta, wata kuma makullinta ya daina kamawa. A nan ne shagunan alminiyam ke samun aikin da suke kira sabis, wato su turo yara biyu ko uku da oga ɗaya su wanke tagogi, su duba tayoyi, su sauya abin da ya lalace. Aiki ne mai amfani ƙwarai, kuma ya fi sauya taga sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Amma sunan kawai ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba. Akwai masu yin sa yadda taga za ta ƙara shekaru tana aiki, akwai kuma masu zuwa da bokitin omo da soson ƙarfe su bar maka firem ya dushe har abada. Cikin minti 15 na farko za ka gane wane iri ka ɗauko.

Abin dubawa na farko shi ne: da me suka fara, ruwa ko burushi? Ƙurar hunturu da iska ke kwaso mana, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, laushi gare ta sosai, tana shiga ko'ina. Ga ƙurar layukan da ba kwalta, ga hayaƙin adaidaita sahu da na janareta ga wanda gidansa ke bakin titi irin Zoo Road ko titin Katsina. Duk wannan a layin ƙasa na taga yake taruwa, inda tayoyi ke gudu. In aka zuba masa ruwa tun farko, taɓo ake haɗawa. Taɓon ya gangara cikin lungunan firem, ya cika ramukan fitar ruwa, ya shiga cikin taya, rana ta fito ya daskare. Saboda haka gwani ba ya taɓa ruwa sai ya gama da busasshen datti. Zai ɗauki burushin fenti mai inci 2 ya share daga sama zuwa ƙasa, ya bi lungu da tsohon burushin haƙori, ya sa bulowa ko injin zuƙe ƙura in akwai wuta. Wanda ya shigo gidanka da tiyo a hannu ya nufi taga kai tsaye, dakatar da shi.

Abu na biyu, sai an sauke ganyen tagar, wato ɓangaren da ke motsi mai ɗauke da gilashi. Ba a yi wa silaidin, wato tagar da ake ja gefe, sabis tana tsaye, domin tayoyin a ƙarƙashinta suke, kuma rabin layin a rufe yake kullum. Yadda ake yi: a ja ganyen zuwa tsakiya, a kama gefe biyu, a ɗaga shi sama har ya shige cikin layin sama, a jawo gindin, a sauke. In ya ƙi ɗaguwa kada a yi masa ƙarfi. Wasu tagogin akwai ɗan ƙarfe ko robar da aka ɗaure a layin sama don hana ɓarawo ɗagawa, sai an kwance shi. Gilashi kuma ya fi yadda ake zato nauyi. Mai kaurin milimita 4 yana kai kilo 10 a kowace murabba'in mita, mai milimita 5 kuwa kilo 12 da rabi, ban da firem. Babban ganye na mutum biyu ne. Masu tsari suna manna ɗan salatif su rubuta lamba a kan kowane ganye, na ciki da na waje, su jingina shi a bango bisa kwali ko tsohon buhu, ba a kan tayil tsirara ba, don kusurwa ce ke fara buɗewa in ta bugi ƙasa.

Sai wanki, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin yana yi wa kansa wani siririn rufi da zarar iska ta taɓa shi. Firem ɗin da ake sayarwa iri biyu ne a galibi. Akwai wanda aka ƙara wa wannan rufin kauri da wutar lantarki a masana'anta, shi ne mai ruwan azurfa ko ruwan tagulla da ake ganin ƙyallin ƙarfe a jikinsa. Kaurin rufinsa bai wuce maikuron 5 zuwa 25 ba, alhali milimita ɗaya maikuron 1,000 ce. Akwai kuma mai fentin gari da aka gasa, fari ko baƙi ko ruwan ƙasa, wanda rufinsa ke kai wa maikuron 60 zuwa 80. Duka biyun ba su jure sinadari mai zafi. Sodar haɗa sabulu tana cin alminiyam a kan idonka. Bilic yana bar masa tabo. Asid ɗin da masu tayil ke wanke ƙasa da shi yana ƙona rufin, yana kuma cin ƙusoshi da hinji. Omo ma, in aka kaɗa shi da kauri aka bar shi ya bushe a jikin firem, fari-fari yake bari. Tinar kuma tana narkar da fuskar fentin gari, wurin ya mutu, ba ƙyalli. Tabon da waɗannan suka yi ba datti ba ne da za a goge gobe. Rufin ne ya tafi.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: lita 5 ta ruwa mai ɗan ɗumi, cokali ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka, soso mai laushi, da tsumman auduga guda biyu ko uku. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, a riƙa sauya na ɗaurayar da zarar ya yi ja, in ba haka ba yashin da ka cire shi za ka mayar kana gogawa. A wanke daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye kafin kumfa ta bushe, a tsane nan take. Soson ƙarfe da samfefa ba su da gurbi a wannan aikin. Ban da karce, soson ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin firem, ɓurɓushin ya yi tsatsa, bayan mako biyu ka ga ɗigo-ɗigon ja ka ɗauka tagar ce ta lalace.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, baƙin firem da ke kallon yamma kuwa ko taɓa shi ba a iya yi bayan azahar. Ruwan sabulu a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake kafin a kai ga ɗauraya. Masu sanin aiki da sassafe suke zuwa, su fara da ɓangaren da ke inuwa, su bi inuwar tana zagaya gida.

Sabon gida yana da tasa matsalar. Siminti da filasta ɗanye suna ƙona alminiyam kamar yadda soda ke yi, shi ya sa ake so a wanke su tun suna jiƙe. Wanda ya riga ya bushe, a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma na kamar minti 20, sannan a ture shi da guntun katako ko roba mai kaifi, ba da cokalin magini ba. Ledar da ke zuwa manne da sabon firem ma kada a bar ta wata da watanni da sunan kariya, rana tana gasa gam ɗinta har ya kama. In ya riga ya kama, ɗan kananzir a jikin tsumma yana sassauta shi. A gwada a wani ɓoyayyen wuri tukuna, a kauce wa roba, a bi da ruwan sabulu nan da nan.

Yanzu ga wurin da ya fi raba gwani da ɗan koyo, wato ramukan fitar ruwa. Silaidin ba a yi ta don hana ruwa shiga layin ƙasa kwata-kwata ba. Ruwan sama yana gangarowa daga gilashi ya taru a layin, sai ya fita waje ta wasu ƙananan ramuka da ke fuskar waje ta firem. A Kano abubuwa uku ke toshe su: taɓon ƙura, mai fenti ko mai silikon da bai san amfaninsu ba ya cike su, da kuma zanzaro, wanda ba abin da yake so irin ƙaramin rami ya gina ɗakinsa na laka a ciki. In suka toshe, ruwan Agusta mai haɗe da iska zai cika layin ya malalo ciki. Alamarsa ita ce fenti yana kumbura yana ɓarewa a ƙarƙashin taga daga cikin ɗaki, labule yana tabo daga gindi, maigida kuma yana zargin magini. Gwajin ba wuya: a fasa ledar fiya wata ɗaya, rabin lita ke nan, a zuba a layin a hankali, a leƙa waje. Ya kamata a ga ruwa yana zuba a waje cikin ɗan lokaci. In ya tsaya cik, a zura siririyar waya ko tsinken tsintsiya a buɗe. Da yawa daga tagogin da ake haɗawa a shagunan unguwa ma ba a huda musu ramin ba sam. Ogan kirki zai gaya maka, ya huda biyu masu faɗin milimita 5 ko 6 a bangon layin na waje, kamar santimita 10 daga kowace kusurwa, ya ƙara ɗaya a tsakiya in tagar mai faɗi ce. Ba a huda ƙasan firem, domin hakan cikin bulo zai kai ruwan. Sabis ɗin da ba a yi wannan gwajin a cikinsa ba, wanki kawai aka yi maka.

Tayoyi su ne zuciyar silaidin. Kowane ganye yana da biyu a ƙasa, galibi na roba mai tauri, wasu da boris wasu babu. In ƙura ta cika taya ta daina juyawa, mutanen gida ba su daina ja ba, sai gefe ɗaya ya side ya yi fili. Daga nan ganyen ya zauna, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ka ga baƙin gari a layin. Wannan baƙin garin jikin tagarka ne ke narkewa, kuma layin da ya cinye ba a mayar da shi. A juya kowace taya da yatsa: in tana tsalle, ko tana lilo, ko ta ƙi juyawa bayan an wanke ta, a sauya. A sauya biyun tare ko da ɗaya ce ta mutu, domin sabuwa da tsohuwa ba tsayinsu ɗaya ba. Girman tayoyi ya bambanta daga firem zuwa firem, don haka a tafi da tsohuwar a hannu in za a nemo a kasuwannin kayan gini irin su Ƙofar Ruwa ko France Road a Sabon Gari. Mai boris ta fi tsada kaɗan, amma ga babban ganye ita ce daidai.

Mafi yawan tayoyi suna da ƙusar saiti da ake kaiwa gare ta ta wani rami a gefen ganyen. Juya ta yana ɗaga wannan ɓangaren ko ya sauke shi. Ana rufe taga saura kaɗan, a dubi tazarar da ke tsakanin ganye da firem daga sama har ƙasa; in sama ta fi buɗewa ko ƙasa, a saita har ta daidaita. Wannan yana da alaƙa da makulli kai tsaye. Sau tari makullin da ake cewa ya lalace lafiyarsa ƙalau, ganyen ne ya sauka da milimita biyu ko uku, harshen ya daina samun mazauninsa. Nan ne wasu ke cin kuɗin mutane, su sayar maka da sabon makulli, bayan wata guda shi ma ya daina kamawa. In aka ce maka makulli ya mutu, ka ce: "Oga, a fara saita tayar mu gani."

Maganar mai kuwa, ra'ayinmu a kanta ba sassauci. Giris, baƙin mai, man gyaɗa, duk wanda ya shafa ɗaya daga cikinsu a layin taga a garin nan ya cuce ka, ko da da kyakkyawar niyya. Ranar farko taga za ta yi santsi har ka yi masa godiya. Bayan mako uku ƙura ta kwanta a kan man, ya zama kamar kunun yashi, shi ne zai riƙa cin taya da layi tare. Layin ƙasa busasshe ake barin sa, tas. In za a sa wani abu, feshin silikon ne, kaɗan, a kan sandar da taya ke juyawa a kai da cikin makulli, sannan a goge abin da ya yi saura. Man feshin da ake kwance ƙusa mai tsatsa da shi yana da amfani wajen kwancewar, amma a goge shi bayan an gama.

Taga mai buɗewa waje, wadda ake kira kesmen, ba ta da taya, hinjinta ne ke riƙe da ita. A share ƙurar da ke cikin hanyar hinjin, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Akwai ƙaramar ƙusa a jikin abin da ke zamewa cikin hanyar, ita ke sa taga ta tsaya inda aka buɗe ta. In iska na kaɗa tagar, a ɗaure ta kwata ɗaya na juyi, a gwada, kada a murɗe ta gaba ɗaya. A duba ƙusoshin da ke riƙe da hinji. In ramin ya buɗe ƙusa tana juyawa a banza, a sa wadda ta fi ta kauri kaɗan ko a buga rifit. Ƙusar ta zama ta ƙarfe mara tsatsa. Ƙusar baƙin ƙarfe ta yau da kullum in ta haɗu da alminiyam da danshi, ita ta yi tsatsa, shi kuma ya riƙa fitar da farin gari a kewayenta har ramin ya ruɓe. A kan bene wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Akwai ɗan gashi-gashin nan da ke zagaye da ganyen silaidin, shi ke tare ƙura da iska. Da wuya ka ga masu sabis sun kula shi, alhali shi ne dalilin da ya sa uwargida ke share ɗaki sau uku a rana lokacin hunturu ga tagogi a rufe. In ya kwanta ko ya zube, zare shi ake yi daga hanyarsa a zura sabo mai faɗi ɗaya da tsohon, kuma ba shi da tsada. Robar da ke riƙe gilashi ita ma rana tana busar da ita ta tsuke, kusurwa ta buɗe, gilashi ya riƙa ƙara in babbar mota ta wuce. Wajen sa sabuwa ba a jan ta. A yanka ta da ɗan rara, kamar santimita ɗaya a kowace mita, a tura ta ciki, don in an miƙe ta da ƙarfi komawa za ta yi.

Silikon na tsakanin firem da bango yana tsagewa ne saboda alminiyam yana miƙewa da zafi. Firem mai tsawon mita 2 zai iya motsawa kusan milimita 2 tsakanin sanyin asubahin Janairu da ranar Afrilu. Malala sabo a kan tsoho aikin banza ne, ba ya kamawa. A yanke tsohon da wuƙa, a goge ƙura, wuri ya bushe, sannan a sa. Wanda ke warin ruwan khal ya dace da gilashi, amma ba ya riƙe siminti da kyau. Wanda ba shi da wannan warin shi ne na bango. A ba shi awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi, shi ya sa ake son yin wannan aikin kafin damina ta sauka.

Gilashi shi ne mafi sauƙi. Ruwan sabulun nan ya isa, a share da robar share ruwa ko busasshen tsumma. Farin tabon da ruwan burtsatse ko na rijiya ke bari yana fita da ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a shafa a gilashin kaɗai, minti 5, a ɗauraye. Gilashin da aka manna wa ledar duhu ba a kai masa reza. Ragar sauro a kwantar da ita a ƙasa a wanke da burushi mai laushi, a duba gefuna inda take zarewa. Boglari kuma in yana zubo jan ruwa a kan firem, a kankare shi a yi masa fenti, kuma in mai walda zai yi aiki kusa da taga a rufe gilashin da katako, domin tartsatsin walda da na giranda nutsewa yake a jikin gilashi, ba ya fita.

Inda wannan sabis ya fi rauni a Kano ba a wajen ƙwarewar hannu ba ne, a wajen shiri ne. Da yawa suna zuwa ba taya, ba roba, ba gashi, sai an sauke tagogi sannan a tura yaro kasuwa, gida ya wuni a buɗe. Wasu suna hawa bene ba tsani mai kyau, ba igiya, yaro ya tsaya a kan dakalin taga da silifas. Wannan kada ka yarda da shi, tunda ganyen silaidin daga ciki ake sauke shi. Sannan aiki ne na shiga har ɗakunan kwana, don haka a tsayar da rana da lokaci, a sanar da matan gida, a bi ɗaki-ɗaki, kuma a samu namiji na gida yana tare da su. Ciniki a yi shi a kan kowace taga, kuɗin aiki daban kuɗin kaya daban, a kuma ce a ajiye maka duk abin da aka cire ka gani da idonka.

Akwai abin da sabis ba ya gyarawa, kuma oga mai gaskiya zai faɗa maka tun kafin ya karɓi kuɗi. Firem mai sirantar milimita 0.8 da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai, layin da ya cinye har ya yi kaifi sai sauyawa, fentin da ya ɓare ko firem da ya yi ramuka-ramuka ba wankin da zai dawo da shi. Fentin da rana ta sa ya fara fitar da gari kawai, shi kam ana iya farfaɗo da shi da man goge mota mara yashi bayan an wanke.

Sau biyu a shekara ya wadatar ga yawancin gidaje: ɗaya a Afrilu ko farkon Mayu, bayan ƙura kafin ruwa, ɗaya a Oktoba bayan damina ta ɗauke. Gidan bakin babban titi ya ƙara ɗaya a tsakiyar hunturu. Tsakanin haka, share layin ƙasa da busasshen burushi sau ɗaya a mako aikin 'yan gida ne, ba sai an kira kowa ba. Kafin ka biya cikon kuɗi, bi tagogin ɗaya bayan ɗaya: kowane ganye ya tafi da turin yatsa biyu ba ƙara, makulli ya kama ba sai an ɗaga taga ba, ka shafa yatsa a layin ka ji ba maiƙo, sannan a sake zuba rabin litar nan a gabanka ka ga ta fita waje.